Tambaya da Amsa: Manhajar da Babu Mai Ita, Wa Za Mu Kama?

TAMBAYA

Ni malami ne a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Roni, kuma a Kazaure na yi karatun kwamfuta. Kwanakin baya wani ɗan garinmu da ke aiki a Abuja ya aiko mana da tsofaffin kwamfutoci 12 sadaka. Duk Windows 7 ne a kansu, wasu ma sai ka gama shan shayi ba su gama tashi ba. Na ba mai makarantar shawara mu goge su mu ɗora Linux da LibreOffice, tun da kyauta ne kuma ba su da nauyi. Alhaji, wato mai makarantar, ya ce shi bai yarda da kayan da babu mai shi ba. Cewa ya yi araha ba ta ado, kuma ranar da abu ya ɓaci wa za mu kama? Sai wani abokina da ke karatu a jami'ar Babura ya ƙara dagula lissafin. Ya ba shi labarin wai an taɓa samun wani ya kutsa cikin masu rubuta irin waɗannan manhajoji ya dasa ɓarauniyar hanya a ciki. Yanzu Alhaji ya fi son a kwashi kwamfutocin a kai wa wani mai gyara a Kazaure ya ɗora mana Windows da Office na kirak, a biya shi ladan aikinsa. A ɗaya daga cikinsu za mu riƙa ajiye sakamakon jarrabawa da sunayen yara da lambobin wayar iyayensu. Malam, ina mafita? Abin da kowa ke iya sa wa hannu abin yarda ne?

Daga wani malamin makaranta, Roni.

AMSA

Malam, ka gaishe mini da Alhaji, kuma kada ka raina tambayarsa, don ita ce bankuna da gwamnatocin duniya suke ta yi wa kansu. Amsata a gajarce ita ce ku ɗora Linux bisa sharuɗɗan da zan kawo. Na kirak kuwa, ko kyauta mai gyaran ya ce zai yi, kada ku bari ya kusanci kwamfutar da za ta riƙe bayanan 'ya'yan mutane. Amma tun da labarin abokinka ne ya tsorata Alhaji, bari mu fara da shi, domin bai yi ƙarya ba.

Akwai wata 'yar manhaja da ake kira XZ Utils. Aikinta matse fayil ya rage girma, kuma da wuya ka sami kwamfuta mai Linux da ba ta ɗauke da ita. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke riƙe da ita, wani ɗan ƙasar Finland mai suna Lasse Collin, a lokacin hutunsa, babu mai biyan sa ko sisi. A ƙarshen 2021 wani da ya kira kansa Jia Tan ya fara turo masa 'yan gyare-gyare. Gyara mai kyau, ba wanda ya ga aibunsa. A 2022 sai wasu sunaye da ba a san su ba suka taso Collin a gaba: aiki ya tsaya, ka riƙe abu ka hana shi motsi, in ba za ka iya ba ka miƙa wa wani. Shi kuwa ya ba su amsa cewa rashin lafiya ya rage masa ƙarfi, kuma aikin nan na sa-kai ne. To wa ke kusa, mai haƙuri, mai ladabi, a shirye ya kama masa kaya? Jia Tan. Kafin 2023 ta yi nisa har ya kai yana fitar da sabon zubi da sa hannunsa.

Bai yi gaggawa ba. Sai a Fabrairun 2024, bayan ya haura shekara biyu yana sayen amana da aiki, ya fitar da zubi na 5.6.0, ya biyo da 5.6.1 a watan Maris, a cikinsu ya binne abin da ya kawo shi tun farko. Dubi inda ya ɓoye shi. Bai sa shi cikin rubutun da jama'a ke karantawa ba. Ya cusa shi cikin wasu fayilolin gwaji, irin waɗanda ba mai buɗe su ya duba, sannan abin da ke tayar da shi ya saka shi cikin ƙunshin da ake saukewa kaɗai. Abin da ya nufa shi ne SSH, ƙofar da masu kula da manyan kwamfutocin ajiya ke bi su shiga daga nesa. Duk wanda ke riƙe da makullin da ya tanada zai iya ba kwamfuta umarni ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba.

Allah Ya tona asirin ta hannun Andres Freund, wani injiniya Bajamushe da ke aiki da Microsoft a kan manhajar PostgreSQL, wanda tsaro ma ba shi ne sana'arsa ba. Yana cikin wani gwaji ya lura shiga ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, kuma tana cin ƙarfin na'ura fiye da ƙima. Da ni ne ko kai, netuwok za mu zarga mu wuce. Shi ya bi diddigi har ya kai ga XZ, ya sanar da duniya ranar Juma'a, 29 ga Maris, 2024, mu nan muna tsakiyar azumi. A lokacin gubar ta riga ta shiga zubin gwaji na Debian da Fedora, ta shiga Kali da openSUSE Tumbleweed masu karɓar sabon abu kullum, amma ba ta kai ga tsayayyun zubin Debian da Ubuntu da Red Hat ba, waɗanda su ne duniya ke aiki da su. Jia Tan kuwa ya yi ɓatan dabo.

Masu kare buɗaɗɗiyar manhaja sukan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, wai tun da kowa na iya karanta rubutun, babu kuskuren da zai daɗe. Ni ban cika sayen wannan magana ba. A ce ana iya karantawa daban, a ce ana karantawar daban. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin ɗimbin shafukan intanet. Wannan kuskure ne, ba mugunta ba, amma ya shekara biyu a fili babu wanda ya ankara. Da aka waiwaya sai aka tarar gudummawar da jama'a ke ba aikin ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, alhali kamfanonin da suka jingina da shi biliyoyi suke juyawa. A Disambar 2021 aka sake kwatawa da Log4j, wadda ita ma 'yan sa-kai ƙalilan ne ke ɗawainiya da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar a nan gajiyar mai riƙo ce da kaɗaicinsa. Jia Tan bai fasa wani kwaɗo ba. Mutumin da kaya suka yi wa yawa ya samu, ya ce kawo in taya ka.

Yanzu mu koma ga kayan da ke da mai shi. A Disambar 2020 aka gano cewa masu kutse sun shiga kamfanin SolarWinds na Amurka, sun zuba tasu gubar cikin sabuntawar da kamfanin ke tura wa abokan cinikinsa da hatiminsa na gaskiya. Kusan abokan ciniki 18,000 suka sauke ta, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka, kuma ta yi watanni tana aiki kafin a farga. Kuɗi suka biya, rufaffiyar manhaja ce, kamfani ne mai ofis da lauyoyi. Freund ya iya bin sawun XZ ne saboda komai a buɗe yake gabansa. Mai sayen rufaffiya ba shi da wannan dama, sai abin da aka gaya masa. Batun wa za mu kama kuwa, Alhaji ya sa a karanta masa dogon rubutun nan da kowa ke danna wa "na yarda" ba tare da ya duba ba. Da ta kuɗi da ta kyauta, kusan duk sun rubuta cewa in ka yi asara ba su ɗauki alhaki ba. Daga Roni babu wanda za ku kama.

Tun da Alhaji mai makaranta ne, ga hanyar da nake ganin za ta fi shigarsa. Malaman hadisi ba sa karɓar magana don daɗinta. Isnadi suke bi: wa ya faɗa maka, shi daga wa ya ji, an san shi, yana da riƙo, ya ma sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi? In aka sami wanda ba a san halinsa ba a cikin silsilar, sai a dakata. Haka za ka auna manhaja. Wa ya rubuta ta, wa ya harhaɗa ta, ta hannun wa ta iso kwamfutarka? Ubuntu tana da kamfanin Canonical a bayanta tun 2004. Debian tun 1993 take, kuma ba a ba mutum izinin saka kaya a rumbunta sai wasu daga cikin jama'arta sun tabbatar da shi sun sa hannu a makullinsa. Kowane ƙunshi da ke fitowa daga rumbunansu yana ɗauke da hatimi, kwamfutarka na duba shi kafin ta karɓa. Silsilar ba ta kuɓuta daga rauni ba, ga XZ nan shaida, amma ana iya bin ta mutum bayan mutum.

To bi mini isnadin Windows ɗin mai gyara. Na sha tsayawa a irin waɗannan shaguna ina kallo. Zai zaro filashi daga aljihu ko daga cikin durowa, filashin da ya shiga kwamfutoci ba adadi. Ya ɗora Windows, ya ɗora Office. Sannan ya zo wurin da za a mayar da ita kamar ta halal. Abu na farko da zai yi shi ne ya kashe manhajar kariya, saboda in tana kunne za ta yi kururuwa ta goge ɗan fayil ɗin da zai yi aikin. Ya danna shi da cikakken ikon mai gida, wani baƙin allo ya bayyana ya ɓace, ya ce maka ta yi. Daga nan ya shiga ya toshe hanyar sabuntawa gaba ɗaya, ya ce don kada ta cinye maka data, kuma don kada a gane ta. Tambaye shi wa ya rubuta fayil ɗin nan. Daga wurin maigidansa a Kano ya kwafa, shi kuma daga wani shafi mai cike da tallan caca. Ba ina cewa mai gyaran mugu ne ba, shi ma bai san abin da ke ciki ba. Amma ka ga an ba wanda ba a sani ba makullin gida, an sallami mai gadi, an kuma hana mai faci shigowa. Ana gudun gara an faɗa gidan zago.

Wannan ɗabi'a ce ta cika wayoyinmu. Ka duba samari nawa ne a Kazaure da Gwiwa ke amfani da GBWhatsApp da aka tura musu ta Xender, don su karanta saƙon da aka goge ko su ɓoye cewa suna kan layi. Wasu har suna ɗauka irin buɗaɗɗiyar manhajar ce da ake magana. Ba ita ba ce. Wani ne ya farke ta kamfani ya ɗinke da abin da ya ga dama, bai nuna wa kowa rubutunsa ba, kuma a wayar nan ce ake karɓar lambar sirrin banki.

Bar su a kan Windows 7 ɗin ma ba mafita ba ce. Microsoft ta daina yi mata faci tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinta na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin na'urori irin naku. Ka tuna WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Facinta ya fito tun watan Maris. Waɗanda ba su ɗora ba su ta ci.

Ka kuma gaya wa Alhaji cewa ya daɗe yana cin abincin da yake cewa bai yarda da shi ba. In wayar da ke aljihunsa Android ce, a kan Linux aka gina ta. Alƙaluman da asibitocin Roni da Gwiwa da Babura ke haɗawa duk wata, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, cikin DHIS2 ake zuba su, buɗaɗɗiyar manhaja da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar aikinta, kuma da ita Nijeriya ke tattara bayanan lafiya. Masu sa ido kan rigakafin shan-inna a Arewa sun yi shekaru suna cike fom a waya da ODK, ita ma buɗaɗɗiya.

Sharuɗɗan nawa ba su da yawa, amma ba na wasa ba ne. Ka ɗauki Linux Mint ko Ubuntu, zubin da ake tallafa wa shekara biyar, ba sabon fitowar jiya ba. Abin da ya tsirar da yawancin mutane daga XZ ke nan: tsayayyen zubi ba ya rawar kai wajen karɓar sabon abu. Ka sauke da kanka daga shafinsu na asali, kada ka karɓa a filashin kowa, ko da malaminka ne na Kazaure. In ka sauke, ka gwada dogayen lambobin tantancewa da suke wallafawa da na fayil ɗin da ke hannunka, ka duba hatiminsu. Wannan ba tsirfa ba ce. Ranar 20 ga Fabrairu, 2016, an yi kutse a shafin Linux Mint ɗin kansa aka karkatar da masu saukewa zuwa wani gurɓataccen kwafi. Bayan nan duk abin da za ka ƙara, daga rumbun da ya zo da ita za ka ɗauko. Umarnin da ka gani a bidiyon YouTube, ana cewa kwafa ka liƙa ka sa kalmar sirri, in ba ka fahimci abin da yake yi ba ka bar shi. Yara kuma ka buɗe musu nasu asusun marar iko, kalmar sirrin mai gida ta tsaya tsakaninka da mutum ɗaya.

Kafin ka amince da kowace manhaja, duba ko tana da rai. Yaushe aka yi mata gyaran ƙarshe, mutum nawa ke riƙe da ita? Misali na kusa da kai: LibreOffice da Apache OpenOffice uwarsu ɗaya, sunansu ma na rikita mutane. Ta farko tana da gidauniya a Jamus da masu aiki da yawa, tana fitar da babban zubi sau biyu a shekara. Ta biyu rabonta da babban zubi tun 2014, sai 'yan ƙananan gyare-gyare. Duka kyauta ne, amma ba ɗaya ba ne.

Inda na fi jin tsoro dai shi ne sabuntawa, don na san halinmu da halin netuwok ɗinmu. Kamfanin Equifax na Amurka ya zubar da bayanan mutane kusan miliyan 147 a 2017 ta wata ɓaraka a Apache Struts, alhali masu manhajar sun fitar da faci tun watan Maris, watanni biyu kafin ɓarayin su shiga. Laifin wa ke nan? Kwamfuta 12 kowace ta ja nata, data ba za ta kai ku ko'ina ba. Akwai 'yar manhaja mai suna apt-cacher-ng: ka ɗora ta a kan guda ɗaya, ita ta sauke sau ɗaya, sauran su sha daga gare ta ta wayar da ta haɗa su. Ka ware rana ɗaya a wata, Alhaji ya sa kuɗin datar cikin kasafi kamar yadda yake sa na alli da man janareta. Ita kuwa mai riƙe da sakamakon jarrabawa, ka raba ta da ɗakin ɗalibai, kada filashin kowa ya shige ta, ka riƙa ajiye kwafi biyu a wurare daban. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma makarantar da ta tara sunayen yara da lambobin iyayensu tana cikin waɗanda ta hau kansu.

Ban ce babu wahala ba. Wata firinta za ta yi maka gardama. Takardar da aka tsara a Word wani lokaci takan ɗan goce a LibreOffice. CorelDraw da masu buga katin biki ke nema ba ta hawa, haka wasu manhajojin atisayen JAMB da aka yi don Windows. In lallai ana bukatarsu, Alhaji ya sayi lasisi na gaske ga kwamfuta ɗaya ko biyu da za su iya ɗauka. Ta wani gefen kuma akwai riba: Linux na zuwa da tsarin madannai na Hausa, yaranka za su rubuta ɓ da ɗ da ƙ ba sai sun yi dabara ba.

Saura magana ɗaya, kuma ba taka ba ce kai kaɗai. A ɗan yankin nan akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, akwai cibiyar koyar da fasahar kwamfuta da aka kafa a Kazaure zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka ba Babura a 2021. Bai kamata malami a Roni ya rasa inda zai sami tsabtataccen kwafin Linux a kusa da shi ba. Ina kira ga shugabannin sassan kwamfuta na waɗannan makarantu, ɗaya daga cikinku ta ware na'ura guda ta zama rumbun da makarantu da shagunan Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi za su riƙa ɗaukar kwafin da aka tantance da sabuntawarsa. Ɗaliban ajin ƙarshe kuma, maimakon a ci gaba da karɓar aikin kammala karatu da aka kwafo daga na bara, a ba kowane rukuni ƙaramar manhaja ɗaya daga cikin waɗanda asibitocinmu da makarantunmu ke dogaro da su, su karanta rubutunta, su kai rahoton abin da suka gani ga masu riƙe da ita, a ba su maki a kai. Shi ma abokin naka na Babura, ka ce masa in ya gama ba Alhaji tsoro ya zo ranar Asabar ya taya ka ɗorawa.